Fedar birki da ta nutse a gangare: nazarin motar da aka kusa canza wa masta a banza

Motar ƙarama ce ta iyali, mai ƙofa huɗu, nauyinta kusan kilo 1,400 in babu kowa a ciki. Birkin gaba diski ne, na baya dirom, tana da ABS, wato na'urar da ke hana ƙafafun mota kullewa in an taka birki da ƙarfi, ta kuma yi tafiyar kilomita 148,000. Mako uku kafin a kawo ta gareji an canza mata fad na gaba, wato abin da ke matse diski in an taka birki, a wani wuri. Tun daga ranar mai ita ya lura feda tana yin ƙasa fiye da yadda ya saba kafin birki ya kama, amma in ya saki ya sake takawa nan take, sai ta kama a sama. Ya koma sau biyu, aka cire iska daga bututun man birki sau biyu, ba ta canza zani ba.

Sai aka yi wata tafiya da mutum biyar da kaya maƙil a but, aka shiga dogon gangare mai kwana-kwana. Ana dab da ƙarshensa ya taka birki, feda ta tafi kusan ƙasa kamar babu komai a ƙarƙashinta. Da takawa da saki, da taimakon birkin hannu, aka samu aka tsaya. Bayan rabin awa a gefen hanya birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Kofin man birki a cike yake, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Wanda ya yi aikin farko ya yanke hukunci cewa masta ce ta mutu, wato famfon da feda take turawa ya aika man birki zuwa ƙafafun mota, a sayo sabuwa.

Mai motar ƙorafi ɗaya ya kawo, wato birki ba ya ci. Amma in aka saurare shi da kyau ƙorafi uku ne. Akwai feda mai nisa a tuƙin yau da kullum, akwai nutsewar da ta faru sau ɗaya a gangare, akwai kuma cewa motar ba ta tsayawa a inda ta saba tsayawa. Kowanne da gwajinsa, domin abin da ƙafa take ji a feda daban, tazarar da mota take ci kafin ta tsaya daban. Feda tana ba da labarin mai da iska da giɓin da ke tsakanin sassa. Tsayuwa kuwa tana hannun fad da diski, daga ƙarshe tana hannun taya da kwalta. Mota tana iya samun feda mai tauri kamar dutse ta kasa tsayawa, wata kuma fedarta ta yi laushi amma ta tsaya a kan lokaci.

Abin da feda ta nuna tun ba a ɗaga mota ba

An fara da awo, domin "ta yi ƙasa" ba adadi ba ne. Da inji a kunne aka taka feda da ƙarfi, aka auna tazarar da ta rage tsakaninta da ƙasan mota, aka samu milimita 55. Littafin gyaran wannan mota ya ce kada ta gaza 80. Da aka saki aka sake takawa da sauri, ta tsaya a 85. Wasan feda na sama, kafin sandarta ta fara tura busta (na'urar da ke ƙara wa takawar direba ƙarfi), milimita 4 ne, yana cikin ƙa'ida.

Gwajin masta bai wuce minti ɗaya ba. Ana ɗora ƙafa a hankali, da matsakaicin ƙarfi, a riƙe haka. Masta mai gogaggen roba tana barin mai ya zame ta gefen fistin ya koma kofi, sai feda ta riƙa sulalewa ƙasa sannu a hankali ba tare da yoyo a waje ba. Ana yin gwajin da ƙarfi kaɗan ne da gangan, domin taka mai ƙarfi yana buɗe leɓen robar ya manne da bango, ya ɓoye laifin. A wannan mota feda ta tsaya cak a inda ta kama. An maimaita sau uku, ba ta motsa ba.

Busta ma ta ci gwajinta. An kashe inji, aka taka sau biyar har feda ta yi tauri, aka riƙe, aka tayar da inji, feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa kamar yadda ya kamata. Ko da ma busta ta lalace, tauri take jawowa, ba nisa ba.

Gwaji na uku shi ya fara nuna bakin zaren. An ja birkin hannu har ya kama, aka sake auna feda, ta tsaya a 67 maimakon 55. Birkin hannu yana buɗe shu na baya, wato abin da ke gugar dirom daga ciki, ya kai su jikin dirom, don haka man da zai tafi cike wannan giɓi bai tafi ba. Milimita 12 na nisan feda daga baya yake zuwa.

A nan ya kamata a tsaya a bambance yadda feda take lalacewa, domin rashin bambancewar ne ya sa aka cire iska sau biyu ba amfani. Feda mai iska tana da laushi tun daga inda ta kama har ƙasa, kamar an taka soso, tana kuma turo ƙafa baya kamar sifirin. Feda mai giɓi tana tafiya fanko, sannan ta kama da tauri sosai, sai dai a ƙasa. Dukansu biyu suna gyaruwa a taka na biyu, shi ya sa ake ruɗewa. Ta wannan mota nisa ne da ita, amma in ta kama tana da tauri. Wannan alamar giɓi ce, kuma ko kwana za a yi ana cire iska giɓi ba zai rufe ba.

Matse tiyo

An ɗaga motar, aka sa abin matse tiyo mai zagayayyen baki a tiyon roba na kowace ƙafa. Ba a amfani da filaya mai haƙori, domin tana yanka zaren da ke cikin tiyo, ɓarnar kuma ba ta nunawa sai ranar da tiyon ya fashe. Tiyo mai saƙar ƙarfe a waje kuwa ba a matse shi sam. Da aka rufe duka huɗun, feda ta tsaya can sama, da ƙyar take motsi. Wannan ya wanke masta, ya wanke akwatin ABS, ya wanke bututun ƙarfe. Da akwai iska a ɗayansu da feda ta ci gaba da laushi ko da an rufe ƙafafun.

Sai aka riƙa sakewa ɗaya bayan ɗaya ana awo. Na baya biyu sun ci abin da gwajin birkin hannu ya riga ya nuna. Gaba ta hagu ta ci daidai gwargwado. Gaba ta dama ta ci milimita 15 fiye da ta hagu, alhali kalifa (ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse su a jikin diski) iri ɗaya ce, fad iri ɗaya, rana ɗaya aka sa su.

Lissafi kaɗan yana bayyana yadda ƙaramin giɓi yake zama babban nisa a feda. Fistin ɗin kalifar wannan mota faɗinsa milimita 57 ne, na masta kuwa 22.2. In aka kwatanta faɗin fuskokinsu, na kalifa ya ninka na masta sau 6.6. Ita kuma feda sanda ce mai ninka motsi kusan sau 4. Ke nan duk kashi ɗaya cikin goma na milimita da fistin ɗin kalifa zai ƙara tafiya, sai fistin ɗin masta ya ƙara 0.66, tafin feda kuma ya ƙara milimita 2.6. Giɓin da bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba a ƙafa ɗaya, wanda ido ba zai kama ba, shi ne ya cinye milimita 15 ɗin. A kalifa mai lafiya robar fistin ce kaɗai take ja da shi baya in an saki birki, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, iya abin da zai sa fad ya daina matse diski.

Kalifar dama

Irin wannan kalifa fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. Fistin yana tura fad na ciki, ita kuma kalifar gaba ɗaya tana zamewa a kan fin biyu ta jawo fad na waje. Fin na sama ya fito da hannu. Na ƙasa ya ƙi motsi sai da aka sa masa sufana ana murɗawa. Robar da ke rufe shi ta kumbura ta yi taushi, ta yage a wuya, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci fin ɗin da raminsa. Abin da aka samu a ciki baƙin giris ne irin na boris. Robobin birki ba sa jure man fetur da duk abin da aka yi daga gare shi, suna kumbura su riƙe fin ɗin da aka sa su su kare. Giris na silikon ko wanda aka yi musamman don birki shi ne na wurin.

Da fin ɗaya a kafe, kalifa ba ta zamewa, karkacewa take yi. In an taka birki sai ta juya a kan kafaffen fin ɗin, ta lanƙwasa shi kaɗan, fad ya taɓa diski da gefe ɗaya. In an saki sai ta koma mazauninta kamar sifirin, ta tura fistin ciki fiye da yadda robarsa za ta ja shi. Taka na gaba sai ya fara cike wannan giɓi kafin birki ya kama. In an yi saurin sake takawa kafin ta gama komawa, feda ta kama a sama. Abin da mai motar yake ji ke nan tun mako uku.

Fad ɗin sun ba da shaida. Na ciki ya goge a karkace, bambancin milimita 1 tsakanin kai da gindi cikin mako uku kacal, fuskarsa kuma ta yi sheƙi kamar gilashi saboda zafi. Na waje kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa bai taɓa diski ba ko sau ɗaya. Fuskar diski ta ciki ta yi shuɗi-shuɗi. Kafin a kwance, an yi ɗan zagaye da motar aka auna zafin diski da na'urar auna zafi daga nesa: hagu digiri 85 a ma'aunin Celsius, dama 140. Ƙafar da ta fi zafi ita ce ta fi rashin ci, domin tana gugar diski ko ba a taka ba, in an taka kuma rabin aiki take yi.

An duba abubuwa biyu da suke kawo irin wannan giɓi, don kada a rufe a sake buɗewa. Boris mai wasa yana barin diski ya yi lilo a kwana ya tura fistin ciki, sai taka na farko bayan kwana ya yi nisa. An girgiza ƙafar sama da ƙasa, babu wasa. Karkatar diski ma an auna da agogon awo, milimita 0.04, bai kai iyakar da littafin ya sa ba. An kuma tabbatar nonon cire iska yana sama a kalifa biyun. Wanda ya musanya kalifar hagu da ta dama yakan bar nonon a ƙasa, iska kuma sama take taruwa, ba za ta taɓa fita ba.

Akwai wani abu a bayan fad ɗin da ya shafi ƙorafi na uku. Fad da yawa suna ɗauke da haruffa biyu da ke nuna ƙarfin kamunsu, na farko a matsakaicin zafi, na biyu a zafi mai yawa. E yana nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. Waɗanda aka sa wa motar EE ne, alhali na asalinta FF ne. In kamu ya sauka daga 0.40 zuwa 0.30, sai direba ya ƙara kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙafarsa kafin ya samu tsayuwar da ya saba. Ƙarin ƙarfi kuma yana ƙara buɗe tiyo da lanƙwasa kalifa, feda ta ƙara yin ƙasa. An kuma ɗora sababbin fad ɗin a kan tsohon diski mai kwari-kwari da leɓe a baki, don haka ko a hagu ma a kan tudun kawai suke zaune.

A baya labarin gajere ne. Ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke matso da shu kusa da dirom yayin da suke gogewa ya kafe da ƙura da tsatsa a ɓangaren biyu. Shu ɗin suna da sauran nama, silindar ƙafa ba ta yoyo, an ɗaga robarta an gani a bushe.

Abin da ya faru a gangare

Duk abin da aka gano zuwa nan yana bayyana feda mai nisa. Bai bayyana fedar da ta ɓace gaba ɗaya ta kuma dawo da kanta ba. Masta ba ta warkewa don an huta rabin awa, yoyo ba ya komawa cikin bututu. Abu ɗaya ne yake zuwa da zafi ya tafi da sanyi bai bar alama ba, shi ne tafasar man birki.

Man birki mai lambar inganci DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 yana shan ruwa daga iska, ta murfin kofi da ta jikin tiyon roba, shekara bayan shekara. Ƙa'idar Amurka mai lamba FMVSS 116 ta ba kowanne maki biyu na tafasa, ɗaya yana sabo, ɗaya bayan ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari. DOT 3 kada ya gaza digiri 205 yana sabo, 140 da ruwa. DOT 4 kuwa 230 da 155. DOT 5.1 260 da 180. Ruwan da bai kai cokali uku ba a cikin lita guda yana zubar da digiri sittin zuwa tamanin. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a juye man duk shekara biyu, ko da mota ba ta yi tafiya ba.

Mai motar bai san ranar da aka taɓa juye nasa ba. An gwada da na'urar da take tafasa ɗan samfuri ta faɗi makin. Na cikin kofi ya tafasa a 165, wanda aka tatso daga kalifar dama a 148. Bambancin yana da muhimmanci. Cire iskar da aka yi sau biyu ya sa an ƙara sabon mai a kofi, sai na sama ya yi kyaun gani, alhali wanda ke zaune a bayan fistin, inda zafin yake, tsoho ne baƙi. Ɗan alƙalamin nan mai fitilu da ake tsomawa a kofi yana ba da kusan-kusan ne kawai, kuma na kofin yake aunawa.

Yawan zafin da gangare yake zubawa a birki ya wuce yadda direbobi da yawa suke zato. Tsayar da mota mai kilo 1,400 daga gudun kilomita 100 yana mayar da kusan kilojul 540 (ma'aunin ƙarfin aiki ne) zuwa zafi. Wannan mota da mutanenta da kayanta ta kai kilo 1,800. In gangaren ya sauke ta mita 500 daga sama zuwa ƙasa, ƙarfin da za a kashe ya kai kilojul 8,800, wato kamar tsayuwa goma sha shida daga gudun 100 a jere. Iska da gugar taya suna ɗauke wani kaso, inji ma yana ɗauka in an sa ƙaramar giya. Direban ya sauko ne a babbar giya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama. Birkin baya kuma bai ɗauki rabonsa ba saboda giɓi, kalifar dama tana guga tun kafin a fara.

Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafa yake isa ƙafar mota. Tururi yana matsuwa. Muddin ƙafa tana kan feda, matsin da ke cikin bututu yana danne tafasar. Da direba ya ɗaga ƙafa a wani miƙaƙƙen wuri, matsi ya faɗi, man da ke bayan fistin ya tafasa nan take, tururi ya kori mai zuwa kofi. Taka na gaba tururi ya tarar. A irin wannan mota an raba birki gida biyu a gicciye, gaba ta dama da baya ta hagu a layi ɗaya, gaba ta hagu da baya ta dama a ɗayan. Layi ɗaya ne ya tafasa, ɗayan ya rage, amma ba ya kamawa sai feda ta kusa ƙasa, kuma rabin ƙarfi yake bayarwa. Da aka huta tururi ya koma ruwa, feda ta dawo.

Kada a haɗa wannan da gajiyar fad, wadda ita ma zafi ke kawowa. A can feda tana nan da taurinta a sama, ana takawa mota ba ta tsayawa, ga warin ƙuna. A nan feda ce take ɓacewa. Tambaya ɗaya ga direba, ko fedar ta yi tauri ko ta nutse, tana raba su. Da an canza masta a wannan mota da an bar jaki ana dukan taiki, kuma abin tsoron shi ne aikin zai sa a zuba sabon mai kaɗan, feda ta ɗan gyaru, kowa ya ɗauka an gama, kafaffen fin da tsohon man kalifa suna nan suna jiran gangare na gaba.

Gyaran

An sa sababbin diski biyu da fad FF, domin tsofaffin diskin sun kusa iyakar kaurin da aka buga a jikinsu, fere su zai kai su ƙasa da ita. Kafin a ɗora diski an goge fuskar da yake zama a kai da buroshin ƙarfe har ta yi fes. Ɓarɓashin tsatsa kaɗan a nan yana karkatar da sabon diski, bayan 'yan dubban kilomita feda ta fara rawa. An canza fin huɗu da robobinsu, aka wanke ramukan, aka shafa giris na silikon siriri. Yawan giris a ƙasan rami yana hana fin shiga har ƙarshe. Wajen mayar da fistin ciki an matse tiyo, aka buɗe nonon cire iska, tsohon mai ya fita waje maimakon a tura dattinsa baya cikin akwatin ABS. Notin taya an ɗaure su a gicciye da sufana mai awo, daidai da adadin littafi.

A baya an kwance abin matso da shu, aka wanke, aka ɗan shafa masa giris a zare, aka matso da shu har suka fara taɓa dirom, sannan aka ja baya kaɗan har dirom ya juya da 'yar ƙarar shafa. Sai bayan haka aka daidaita wayar birkin hannu. Wanda ya fara da jan waya yana ɓoye giɓin ne, yana kuma iya hana abin matsowar aiki.

Man an juye shi gaba ɗaya. An zuƙe na kofi, aka cika da DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, aka sa na'urar turawa a kan kofi da matsin bar 1, aka bi ƙafafun bisa jerin da littafin ya bayar, ana tatsa har sai mai ya fito garau babu kumfa. Lita ɗaya ta tafi. In da ƙafa za a yi, a sa guntun katako a ƙarƙashin feda. Fistin ɗin tsohuwar masta ya shekara yana kai-komo a rabin farko na raminsa, rabin ƙarshe ya tara datti da tsatsa. Tura feda har ƙasa yana jan roba a kan wannan kaushi, kuma ta haka masta mai lafiya take mutuwa a hannun mai cire iska. Kofi kada ya ƙafe ko sau ɗaya, domin in iska ta shiga akwatin ABS, a motoci da yawa sai da kwamfutar gwaji mai kunna famfonsa za ta fita. DOT 5 na silikon ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a zuba shi a motar da ba a yi ta dominsa ba.

Kafin mota ta motsa an taka feda sau da yawa har fad suka zauna a jikin diski. Awo ya nuna 90. Sai zaunar da fad a hanyar da babu cunkoso: rage gudu daga 60 zuwa 10 sau goma da matsakaicin taka, ba tare da tsayawa cak ba, sannan tafiyar minti biyar ba birki don ya huce. Wannan yana shimfiɗa siririn abin fad a fuskar diski daidai wa daida. Tsayawa da ƙafa a kan birki yana da zafi yana buga tambarin fad a wuri ɗaya, daga nan rawar feda take farawa.

Tazarar tsayawa

An auna tsayuwa daga gudun 60 a busasshiyar kwalta shimfiɗaɗɗiya, wuri ɗaya, sau uku-uku, daga lokacin da aka taɓa feda. Kafin gyara mita 23 ne, motar tana ja hagu. Bayan gyara 19.5, a miƙe, ABS yana bugawa a ƙafa. Feda ta yi daɗi ƙwarai, mai motar da kansa ya ce ta fi yadda ya saye ta. Amma 19.5 bai isa ba. Gudun 60 mita 16.7 ne a daƙiƙa, kuma lissafi yana nuna taya mai kamun 0.8 za ta tsayar da mota cikin mita 18 ko ƙasa. Tunda ABS ya fara aiki, birki ya riga ya fi ƙarfin taya, duk wani ƙari a birki ba zai rage ko taku ɗaya ba.

Tayoyin gaba zurfin zanensu saura milimita 2, dab da 1.6 da ƙasashe da yawa suka sa a matsayin iyaka. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT na gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2317 mako na 23 ne na 2017. Na wannan mota sun haura shekara bakwai, robar ta bushe ta yi tauri, ga ƙananan tsaga a cikin zane. Da aka sa sababbi huɗu aka daidaita iskarsu, awo ya sauka zuwa 16.5. Gyaran birki ya rage mita uku da rabi, taya ta rage uku. A gudun 100 bambancin yana ninkuwa kusan sau uku, domin tazarar tana tafiya ne da gudu sau gudu, a jiƙaƙƙiyar hanya kuma gogaggiyar taya ta fi haka muni nesa ba kusa ba.

Mai motar ya tambayi ko tiyo mai saƙar ƙarfe da babban diski za su ƙara masa tsayuwa. Tiyon yana ƙara wa feda tauri kaɗan don ba ya buɗewa, babban diski yana ɗaukar zafi mai yawa kafin ya gaji. Dukansu ba sa rage tazarar tsayuwa ɗaya a motar da birkinta ya riga ya iya tayar da ABS. Nisan feda kuwa yana da nasa kuɗin a mita: kashi uku cikin goma na daƙiƙa da aka ɓata ana sake takawa a gudun 100 ya fi mita 8 da mota ta ci ba birki.

An nemi ya dawo bayan kilomita 500. Feda ta tsaya a 92, taka na farko da na biyu bambancinsu bai kai milimita 3 ba. Bayan zagaye iri ɗaya da na farko, diskin hagu digiri 80, na dama 83. An rubuta ranar juye mai a takarda aka manna kusa da kofi. Game da gangare an nuna masa ya sa giya ta biyu ko ta uku tun daga sama, a mota mai canza giya da kanta ya ja zuwa 2 ko L, ya bar inji ya riƙe gudun, ya taka birki da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya sauke gudu, sannan ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya diski ya sha iska kafin taka na gaba.